Yatsun Ba Mutinta

Akwai aibin da ya yawaita tsakanin masu gina manhaja: da zarar sun sami sabon kayan aiki, sai su ɗauka duk mai amfani da abin da suka gina yana da ido da hannu irin nasu. Na daɗe ina zargin wasu da wannan kafin ni ma in aikata shi.

Ba Mutinta Hamoonga ("Ba" laƙabin girmamawa ne a Zambiya) ta yi shekara goma sha tara tana rajistar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Chilenje, cikin Lusaka. Ba ta kai hannu ga linzamin kwamfuta. Ta haddace tsohuwar manhajar: ta buga suna, ta danna maɓallin da ke tsallakawa zuwa gurbi na gaba, ta buga shekaru, sannan unguwa, sannan nauyi. Tana bugawa tana fuskantar mara lafiya, har ana yaba ladabinta. Gaskiyar kuwa ita ce ganinta ya daɗe da dushewa, ta ɓoye, domin da aikin nan take riƙe jikoki biyu.

Ni aka ba sabunta manhajar, a daidai lokacin da nake fara koyon wani tsarin zamani na gina fuskar manhajar kwamfutar ofis. A tsarin, maɓallin tsallake yana bin gurabe ne bisa jerin da mai gini ya rubuta, sai fa in ya tsara wani. Ni kuwa na jera su yadda suka yi mini kyau, nauyi ya biyo suna, shekaru suka koma ƙasa. Na gwada sau da dama, amma kullum da linzami nake yi.

Ranar Litinin ta same ni ina cin nshima, tuwon masarar can, a bayan asibitin.

"Ba Injiniya," in ji ta, "wannan kwalliya taka ta isa zuwa biki. Amma wa ya aike ka ka sauya wa gurabe mazauni?"

"Ba Mutinta, ai ga su nan ɓaro-ɓaro. Dubawa kawai za ki yi."

"In duba." Ta ɗan yi dariya. "Yatsuna sun girme ka a aikin nan, ɗana. Ka mayar mini da su yadda suke, ka ji?"

"Mako mai zuwa," na ce.

Ban san halin idanunta ba, amma wannan ba hujja ba ce. Gyaran bai kai na minti goma ba, kuma na san haka. Wanda ya shekara goma sha tara a kujera ɗaya, in ya roƙi ƙaramin abu, hankali ya wajabta a ɗauka yana da dalili ko da bai faɗa ba. Na ƙarar da makon wajen zaɓen launuka.

Ranar Juma'a shekarun wani jinjiri suka faɗa gurbin nauyinsa. Mai ba da magani ya lura kafin ya auna masa. Manaja ya kira Ba Mutinta, ya ce ta karanta abin da ke fuskar kwamfutar, ina tsaye. Ta kasa. Ban gaya wa manaja ta riga ta roƙe ni gyara ba, ita ma ba ta faɗa ba.

A ƙarshen wata aka sallame ta. Ta kwashe jikokin ta koma garin Monze wajen ƙanwarta. Can take kiwon kaji, kuma an ce yanzu babbar jikar ce ke riƙe mata hannu zuwa coci.