Batirin Babur ɗin Sannu-Sannu

Tela ne, Allah ya jiƙansa, kuma daga ƙofar gidansa zuwa shagonsa taku arba'in ne cif. Mutum irin wannan ba ya buƙatar babur, amma yana da shi, ja, a zaure, cikin rigar da ya ɗinka masa da hannunsa, har da shafi a ciki da aljihun ajiye makulli. Sannu-Sannu ake kiransa a layin, don duk ran da ya hau babur ɗin, masu tafiya a ƙafa sukan gaishe shi su wuce shi.

Dalilin sayen babur ɗin kowa ya sani. Matarsa na da ciwon asma. Wata rana da azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ciwon ya tashi mata. Ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu har ya jiƙe sharkaf, babu motar da ta tsaya. A baron maƙwabci ya tura ta asibiti. Ta warke, har takan ba da labarin tana dariya. Shi bai taɓa yin dariyar ba. Bayan shekara ya shigo da babur, ya ce mata, "Maman yara, daga yau babu baro."

Tun daga nan burinsa ɗaya ne: ran da ake buƙata, babur ɗin ya tashi.

Don haka kullum da safe, kafin ya tafi shago, sai ya cire masa riga, ya danna sitata, ya bar shi yana kuka minti biyu. Ya kunna fitila ya leƙa, ya kunna sigina hagu da dama, ya danna hon sau biyu, ya kashe, ya mayar da riga. Da wannan hon ɗin 'yan makarantar layin suke sanin sun makara.

Cikin shekara biyu ya kashe batiri uku.

Amininsa bakanike ne, tun suna yara suke tare, garejinsa na ƙarshen layin. Ranar da na ukun ya mutu, Sannu-Sannu ya tura babur ɗin har can yana haki.

"Batiran zamani duk jabu ne," in ji shi. "Babu mai kula da batiri kamar ni a garin nan."

"Shi ya sa suke mutuwa," in ji bakaniken. "Kulawar ce ta yi musu yawa. Kullum kana ɗiban ruwa a randa da bokiti, kana mayarwa da cokali. Sitata ta sha, fitila ta sha, hon ya sha, minti biyun nan naka me zai mayar? Batiri a kan hanya yake ƙoshi."

Ya buɗe murfin gefe, sai ya tsaya. "Wannan kuma mene ne?"

"Riga ce. Saboda sanyi."

Ashe ya ɗinka wa batirin ma 'yar riga mai auduga a ciki, har da maɓalli. Ruwan batiri ya cinye ta, ta zama kamar abin da ɓera ya kwana a kai, kawunan batirin kuma sun yi farin gishiri.

"Saura hula," in ji bakaniken.

"Na yi tunaninta," in ji shi, kuma ba wasa yake ba.

Zaɓen na huɗu shi da kansa ya yi, don ya ce ba zai ƙara yarda da idon wani ba. Ya zare tef daga wuyansa ya auna gidan batirin kamar mai auna kwastoma: tsawo, faɗi, zurfi, ya rubuta da alli a tafin hannu. Mai shagon kayan babur ya fito masa da wani ƙato, ya ce wannan ko mota zai tayar.

"Ɗan'uwa, ni tela ne," in ji Sannu-Sannu. "Rigar da ta fi mutum ba ta ƙara masa ƙiba."

Ya auna batiri biyar a kan kanta. Ɗaya ya yi daidai, amma kan ja yana hagu, na babur ɗinsa kuwa a dama yake, waya ba za ta kai ba. A ƙarshe ya ɗauki busasshe, irin wanda ba a ƙara masa ruwa, bayan ya sa an gwada shi da mita a gabansa, an kuma karanta masa ranar da aka ƙera shi har sau biyu.

Bakaniken ya ɗaura, ya shafa giris a kawunan, ya kafa masa doka. Babu riga. Babu hon na safe. Duk Asabar ya hau shi tafiyar rabin awa, in kuma ba zai iya ba, ya kwance waya ɗaya ya bar shi ya huta.

"In kwance waya? Ciwo ya tashi ina neman sifana?"

"To hau."

A nan matsalar take, don Sannu-Sannu tsoron titi yake. Ya kwana biyu yana juya maganar, sai ya samo mafita irin tasa. Tunda dole a yi tafiya, a yi wadda za ta yi amfani: daga gida zuwa asibiti, da mara lafiyar a baya, don hannu ya saba da nauyinta.

"Lafiyata ƙalau, Baban yara," in ji ta.

"Na sani. Gwaji ne."

"Gwajin ma sai na yi tari, ko a haka zan zauna?"

Ta hau dai. Tafiyar minti goma ce, shi a ashirin yake yinta, zuwa da dawowa batiri ya ƙoshi har ya yi gyatsa. Su isa ƙofar asibiti, su juya, su dawo. Mai gadin asibitin ya fara buɗe musu ƙofa, daga baya ya gane, sai ya riƙa ɗaga hannu kawai. Ita kuwa, da ta fara da mita, sai ga shi tun ranar Alhamis tana goge mayafin Asabar. Shekara uku suna haka, batirin bai taɓa yin gardama ba, ciwonta kuma bai tashi ba ko sau ɗaya.

Ranar ta zo wata Talata da hantsi. Yana kan keken ɗinki ya kifa, gefensa ɗaya ya saki. Kafin bakaniken ya iso da gudu, matarsa ta riga ta yaye rigar babur ɗin ta turo shi waje, ta sa makulli. Shekarun nan duk tana kallon hannunsa. Ta danna, ya tashi.

Bakaniken ya tuƙa, maƙwabci ya riƙe Sannu-Sannu daga baya. A hanya mara lafiyar ya matso da bakinsa, wanda ya karkace, kusa da kunnen amininsa.

"Sau nawa ta danna?"

"Sau ɗaya."

"Ka gani," in ji shi. Can kuma ya ƙara, "Rage gudu."

Mai gadi ya ɗaga hannu kamar kullum, sai da aka yi masa hon ya gane yau shiga za a yi. Kwana uku Sannu-Sannu ya yi a ciki, rai ya yi halinsa. Allah ya yi masa rahama, ya sa ya huta.

An yi ta zuwa tambayar babur ɗin, ta ce ba na sayarwa ba ne. Bakaniken ya zo da sifana zai kwance wayar don batirin ya huta, ta ce ya bari.

Yanzu kullum da safe takan cire masa riga, ta danna sitata, ta bar shi minti biyu. Fitila, sigina hagu da dama, hon sau biyu. Tana nan lokacin da aka kafa dokar, ta san abin da hakan ke yi wa batiri. Daga gareji bakaniken yakan ji, ya ajiye abin da ke hannunsa har ƙarar ta ɗauke. Hon ɗin ya fara dishewa. Bakaniken dai ya sayo wani batirin, busasshe, mai kan ja a dama, ya ajiye a saman kantar garejinsa.