Santsin Simintin da Na Zuba a Tsakar Gida

Lokacin da abin nan ya faru ni tela ne a kasuwar Wudil, ban cika shekara talatin ba, ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. Ina da keken ɗinki nawa na kaina, ga matata da ba mu daɗe da aure ba, ga mahaifiyata da ke zaune tare da mu tun bayan rasuwar mahaifina. Allah ya rufa mini asiri, sai dai ina da wani hali da ban ga aibinsa ba sai daga baya: duk abin da na gani a birni, sai na ji namu na gida ya koma abin kunya.

Wata rana na shiga Kano sayen yadi, mutumin da nake sayen kaya a wurinsa ya kai ni gidansa cin abinci. Filin da ke bayan zaurensa an shafe shi da siminti, sumul, har ƙyalli yake. Tun a mota na ƙudurta sai an yi mini irinsa. Daman daɓen tsakar gidanmu ya farfashe, kuma Inna, wato mahaifiyata, ta riga ta fara tara marmara da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe, don ta gayyato matan unguwa su sake shi. Da na gaya mata niyyata ta ce ita ba ta san siminti ba, amma ta san daɓe yana riƙe ƙafa ko an yi ruwa, kuma tsakar gida wurin aiki ne, ba wurin kallo ba. Na yi dariya, na ce mata zamani ya canja.

Na ɗauko magini daga birni, jakuna suka yi ta jido yashi daga bakin kogi. Shi kansa maginin sai da ya ba ni shawara biyu. Ya ce a bar fuskar simintin da kaushi, a ja tsintsiya a kai kafin ya bushe, sannan a karkata shi wajen rariya don ruwa ya riƙa wucewa. Na ƙi ta farko don ƙyalli nake so. Ta biyun kuma na ce ɓata lokaci ce, domin na ƙagu abokaina su zo su gani. Ya kaɗa kai, ya sa cokalinsa na gini ya goge shi kamar faranti.

Da bazara simintin ya riƙa ɗaukar zafi, ba mai iya taka shi da rana ba takalmi. Da damina ta sauka kuwa, ruwa ya riƙa kwanciya a gefen randa, wani koren gansakuka ya fito. Sau biyu Inna tana gaya mini ta kusa faɗuwa, ta roƙe ni in sa a sassare wurin. Kullum sai in ce sai bayan kasuwar Juma'a. A lokacin matata tana da cikin fari wata bakwai, saura kwana huɗu iyayenta su zo daga Indabo su tafi da ita goyon ciki.

Ran wata Talata da hantsi, bayan an ɗauke ruwan safe, ina kan keke sai ga maƙwabcinmu ya tsaya a kaina ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce in tashi mu je gida, iyalina ta faɗi. Na tarar an shigar da ita ɗakin Inna, an kira ungozoma. A gefen randa ga fasasshen tulu, ga dogon sawun ƙafarta a kan gansakukan. Ta ɗauko ruwa ne santsi ya kwashe ta, ta faɗi a kan kwankwasonta. Ungozoma ta fito ta ce ba jini, amma abin da ke cikin ya daina motsi. Na ce a nemi mota a kai ta asibiti Kano. Ta ce girgizar hanya za ta fi faɗuwar illa, abin da ya rage shi ne a kwantar da ita a jira.

Ban taɓa sanin tsawon yini ba sai a kwanakin nan. Na rufe rumfata, na zauna a zaure. Duk macen da ta fito sai na leƙa fuskarta, kunya kuma ta hana ni tambaya. Abinci ya ƙi shiga. Washegari surukina ya iso a kan jaki. Muka gaisa, ya shiga ya dubo 'yarsa, da ya fito ya tsaya ya daɗe yana kallon simintin, sannan ya tambaye ni a hankali ko wane ne ya ba ni shawarar yin sa haka. Na ce ba kowa. Ya juya ya fita, ni kuwa da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A rana ta biyu na kasa jurewa, na ari diga na hau saran simintin kamar mahaukaci. Inna ta fito ta riƙe mini hannu ta ce, “Ajiye. Yarinya tana sauraron cikinta, kana cika mata kunne. Lokacin da ya kamata ka sare shi ya wuce, yanzu je ka yi alwala.” Na ajiye digar na koma zaure, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

A rana ta uku, bayan azahar, Inna ta leƙo zaure ta ce abin da ke cikin ya motsa, ita da kanta ta ɗora hannu ta ji. Na yi ta hamdala. Ba a kai matata Indabo ba, mahaifiyarta ce ta zo ta zauna da ita. Ta haihu kafin lokaci, 'ya mace 'yar mitsitsiya, Allah kuma ya raya ta, yau har tana da jikoki. Amma kwankwason matata bai koma daidai ba. Ta yi sauran rayuwarta tana ɗingishi, in sanyi ya shigo sai ta dafa bango take miƙewa, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗora mini laifin ba ko da wasa. Wannan shirun nata shi ne abin da har yau nake ɗauke da shi.

Ban rubuto wannan don in kushe siminti ba, yanzu kusan kowane gida shi ne, har da masu ƙyallin da suka fi nawa santsi. Laifin nawa ne. Ni da nake fita da takalmi da safe in dawo da magariba, ni na zaɓa wa masu yini a kai suna ɗauke da tulu da tukunya mai zafi. Don haka duk magidancin da zai gyara tsakar gidansa, ya fara tambayar matan gidan da tsofaffinsa, ya watsa ruwa a kan abin da zai shimfiɗa ya taka da ƙafarsa ya ji. In kuma aka ce masa wuri yana da santsi, ya gyara a ranar. Ni na ce sai bayan Juma'a, matata ta faɗi ran Talata.