Ɗakin Jirgin Yaya Sámal

Mu uku Babanmu ya bari: Yaya Hanus, Yaya Sámal, sai ni Jórun, auta. A ƙauyenmu ba a gardama kan gado, gona da tumakin tsauni na babban ɗa ne, sauran kowa ya kama gabansa. Hanus ya ɗauki ƙasa, ni na yi aure. Sámal kuwa aka bar masa ɗakin jirgin Baba da ke bakin teku bayan tudu, ginin dutse mai rufin ciyawa, wanda kwale-kwalen cikinsa ya ruɓe tun kafin in yi wayo. Mutane suka yi ta dariya, wai an ba shi gidan gizo-gizo ya riƙa karɓar haya. Shi ko a jikinsa.

Da ma an saba yi masa dariya. Yana saurayi ya bi jirgin kamun kifi kamar kowane namijin tsibiran nan, sai teku ta ƙi shi, tun daga fita har dawowa amai yake yi. Ya dawo a rame da tsohuwar kyamara da ya saya wurin wani matuƙi. Daga nan ya kama tuƙin motar madara tsakanin ƙauyuka, har ya yi furfura a kanta. Bai yi aure ba. Wace mace za ta zauna da mutumin da zai ajiye cokali ana tsakiyar cin abinci ya fita da gudu don gajimare ya tsage?

Hoton mutane ba ya ɗauka. An sha roƙonsa a biki ko baftisma, sai ya ce, "Mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya, ku nemi wani." Nasa tsauni ne, da gaɓar teku, da gangaren ciyawa bayan an yanke ta. Zai kafa kyamara a kan ƙafafunta uku tun safe, ya zauna a kan dutse cikin yayyafi, yana jiran rana ta leƙo. Wata rana ta leƙo, wata rana ya naɗe kayansa ya dawo a jiƙe bai ɗauki komai ba. Shi ya sa aka sa masa Sarkin Jira.

"Sarkin Jira, yau ta zo ko ta aiko da uzuri?" in ji maza a bakin kanti.

"Ta ce gobe," sai ya amsa, ya wuce yana murmushi.

Kalandar kantin ƙauye ce iyakar inda hotunansa ke zuwa, kuma ƙarshen shekara da ita ake kunna murhu.

Abu ɗaya ne ya riƙe Sámal cikin mutane, koro tumaki daga tsauni da kaka. Ba shi da ko tunkiya ɗaya, amma ranar koro duk namiji mai ƙafa ana bukatarsa. Da sassafe Hanus zai turo ƙofarsa, don mu ba ma ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Sámal, tsauni!" Shi ke nan, sai ya ɗauki sanda ya bi sahu. Yana da wurin tsayawarsa a can saman gangare, inda tumaki ke son zillewa, kuma ba a taɓa cewa wata ta kuɓuce ta gefensa ba. Da yamma ya zauna teburi ɗaya da maza, a sha miyar rago, a ba shi cinya guda ya rataya a rumbunsa iska ta busar. Na san ɗan'uwana, duk shekara wannan ranar yake jira fiye da yadda yake jiran rana.

Bayan ya ajiye tuƙi ne ya ɗauki hoton da ya ja masa. Wata safiya hazo ya yaye, rana ta sauka a kan rufin ɗakin jirgin kaɗai, teku da duwatsun bayansa suna baƙi ƙirin. Ya kawo mini shi.

"Jórun, duba. Wannan na jira tun ina yaro."

Ni ban san hoto ba, amma sai da na zauna. Ya ce zai aika gasar wata mujalla da ake sawa a jiragen sama. Na ce ya aika mana, mutum ya kai shekara sittin ba a taɓa ce masa sannu da aiki ba. Ya aika, ya kuma ci. Aka yi masa shayi da kek a zauren taro, har Hanus ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe gizo-gizon naka yana biyan haya." Ranar Sámal bai iya cin komai ba don murna.

Bazara na kamawa baƙi suka fara zuwa. Da farko biyu-biyu, daga baya mota-mota. Kuma ba ɗakin suka zo gani ba, hoton suka zo maimaitawa, kowa so yake ya tsaya daidai inda Sámal ya tsaya. Wurin kuwa wani ɗan tudu ne a tsakiyar gonar ciyawar Hanus, ciyawar da tumakinsa za su ci da hunturu. Kafin lokacin yanka an tattake ta, hanya ta fito fetal kamar ta shanu. Su buɗe ƙofar shinge su bar ta a buɗe. Su leƙa mana taga muna cin abinci. Wata ta kama Elsebet, matar Hanus, tana shanya, ta yi mata nuni wai ta matsa tana ɓata mata hoto, a ƙofar gidanta!

Sámal ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Ya kafa alluna, ya ja igiya, ya wuni a bakin gonar yana roƙon mutane su bi gefe. Da suka gane shi ne mai hoton, sai suka koma ɗaukar hoto da shi.

Sai ranar da wani ya tayar da ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto daga sama, mai kukan sauro, a kan gangaren teku. Tumaki suka firgita suka yi bakin dutse, da yawa suka faɗa ruwa, na Hanus da na tsoho Tummas maƙwabcinsa, har da masu shayarwa. Aka kira taron ƙauye.

Tummas ne ya miƙe, yana dogara sanda. "Ba mu zo dogon zance ba. Muddin ɗakin nan yana tsaye, za su yi ta zuwa. Sámal, naka ne, ba mai taɓa shi sai kai. Ka rushe shi."

"Baba Tummas, shi kaɗai Babanmu ya bar mini."

"Mu kuma tumaki ya bar mana, ga su can teku na wasa da su," in ji Hanus, ko kallonsa bai yi ba. "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Sámal ya ce ba zai iya ba. Ba wanda ya ɗaga murya, mutanenmu ba sa ihu, da ma suna yi da ya fi sauƙi. Kowa ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar aka daina gaishe shi. In ya shiga kanti hira ta mutu, in ya zauna a coci bencin ya zama nasa shi kaɗai. Ko tsokanar Sarkin Jira aka daina, kuma ita ce ya fi kewa. Kaka ta zo, ya ji haushin karnuka da takun maza sun wuce ta bayan gidansa, ƙofarsa ba ta motsa ba.

Na je na sami Hanus a rumbu yana rataye nama, na ce, "Yaya, ba ka ji kunya ba? Ciki ɗaya kuka fito. Shi ya tayar da jirgin? Ba kai ka ci kek ɗinsa har yanka biyu ba?"

"Jórun, ki koma gidan mijinki. Wannan maganar maza ce."

"Maza? Maza ne ke gaba da mutum ɗaya kamar 'yan mata a bakin famfo?"

Ya ci gaba da ɗaure igiyarsa. Hanus ke nan, ka yi magana da bango ya fi.

Kaka ta biyu ma haka. Rumbun Sámal ya zauna wayam, sai kifin da nake kai masa. Ya daina fita da kyamara, ya rame, yana zama a kicin yana sauraron rediyo ba ya jin abin da ake faɗa. Wata rana ya tambaye ni, "In na rushe, kina ganin za su kira ni?" Na ce kada ya kuskura, mutanen da ba su da kunya ba a faranta musu rai da gadon uba.

Da hunturu aka kai ni Tórshavn, babban birninmu, aikin gwiwa, na zauna wurin 'yata har bazara. Abin da ya faru a bayana, daga baya na tsinci labarinsa. Ashe wani ya je wani tsibiri ya ga yadda mutanen can suka sa ƙofa a hanyar tafkinsu, duk baƙon da zai wuce sai ya biya. Aka sake kiran taro, ba a kira Sámal ba. Waɗanda jiya suke tsine wa ɗakin jirgi, yau suka ga ashe saniyar tatsa ce. Aka shirya za a shimfiɗa hanyar katako a gefen gonar Hanus, a kafa rumfar karɓar kuɗi, Elsebet ta riƙa sayar da kofi da safar ulu. Har katako an yi oda. Duk ƙauyen ya sani, har yara, ban da mai ɗakin. Wa zai gaya masa? Ai ba a magana da shi, kuma kowa yana jiran wani ya fara sauke girman kai.

Lokacin haihuwar tumaki, kowa na can tsauni, hazo ya rufe gari kwana da kwanaki. Sámal ya ɗauki ƙarfen ɓanɓara da baro ya zagaya bayan tudu. Ya naɗe ciyawar rufin, ya sauke itatuwan da Kakanmu ya tsinta a bakin teku, ya bi bango yana cire dutse ɗaya bayan ɗaya yana turawa cikin ruwa, don kada zuciyarsa ta sa shi ya mayar. Shi kaɗai, da bayansa mai ciwo.

Ranar da hazo ya yaye Hanus ya zagayo da ma'aunin hanya a hannu, ya tarar da fili. Sámal na zaune a kan dutsen bakin ƙofa, wanda shi kaɗai ya rage na ginin, hannuwansa duk sun fashe. Ya miƙe ya cire hula.

"Yaya, na yi. Ga shi nan."

Hanus ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "Kai dai ba ka taɓa yin abu a kan lokacinsa ba." Ya juya ya tafi.

Na dawo na tarar an ƙara tsanarsa a kan ta da. Da cewa ake ya jawo musu bala'i, yanzu cewa ake ya yi don mugunta, ya ji labarin ƙofar ya toshe musu abinci. Tummas da bakinsa ya faɗi haka, mutumin da ya ce a rushe! Na tare shi a bakin coci na tuna masa, ya ce shi bai tuna ba, tsufa. Tir da irin wannan tsufa.

Amma kuɗi ba ya fushi. Kafin kaka aka yanke shawarar a ɗauko magina daga birni su sake gina ɗakin, sabo fil, a yi masa fentin tsufa.

Ranar koron tumaki na je wa Sámal da burodi da sassafe, don na san ranar tana yi masa nauyi. Na tarar ya sa takalman tsauni ya ɗaure su tsaf, sandarsa na jingine da tebur. Na ɗora ruwan kofi. Muka ji karnuka, muka ji takun maza. Sai takun mutum ɗaya ya rabu da sauran ya nufo gidan. Ƙofa ta buɗe, Hanus ya leƙo.

"Sámal."

Ɗan'uwana ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi, hannunsa ya riga ya kai kan sanda.

"Hoton nan naka, babban. Magina suna so su duba yadda ƙofar take."

Sámal ya saki sandar. Ya shiga ɗaki ya ciro shi daga bango, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya miƙa masa da hannu biyu. Hanus ya ce a ajiye masa a kanti, yanzu sauri yake, ana jiransa. Ya ja ƙofa.

Na zagi Hanus, na zagi ƙauyen gida-gida, har kofi ya ƙone a kan wuta. Sámal ya ɗaga kujerar ya zauna, ya ce, "Bari, Jórun, wataƙila su tuna ba kowa a saman gangare, su aiko."

Har maza suka sauko da yamma bai cire takalman ba.