Wasiƙar da Ta Fito a Ofishin Shugaban Makaranta

Ko na manta da komai na zamana a ƙauye, ba zan manta da safiyar Talatar da firinta ta tona mini asiri ba. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar kam gumi na yi har cikin takalmi.

A shekarun nan ne da rayuwa ta yi tsanani, kwanon masara ya gagari talaka, fetur sai a kwalba a bakin titi. Ina koyarwa ta wucin gadi a wata ƙaramar sakandare da ke tsakiyar gonaki a arewacin Bici. Kalma ɗaya daga bakin shugaban makaranta ta isa ta mayar da ni gida in ɗauki fartanya. Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa sun gama cika mini kai, kullum gani nake labarina na tafe.

Sai aka kawo mana kwamfutoci shida, aka turo wata malama mai farin tabarau ta haɗa su. 'Yar ƙanwar shugaban ce, a gidansa take zaune. Da ta gama, ta tara malamai ta yi mana bayani. Ta ce kowace kwamfuta tana da lambarta, kamar yadda kowane gida yake da adireshi. Shuɗiyar wayar da ke bayan kowacce tana tafiya zuwa wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira suwic, shi yake karɓar saƙo ya miƙa inda aka aike shi. Ta kuma ce firinta ɗaya ce ta kowa, tana ofishin shugaba, wayarta ta bi ta cikin rufi. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin, yadda fitilun akwatin ke ƙyalli a tabaranta kawai nake kallo.

"Malam, ka gane?" ta tambaye ni.

"Sarai," na ce.

Awa ɗaya ake kunna janareta a rana saboda tsadar mai. Kwana uku na yi ina tsara mata wasiƙa a cikin wannan awar, don rubutun hannuna ba na nunawa ba ne. Ban sa sunana ba, na dai rufe da "mai begenki". A gefena akwai wata tsohuwar firinta da ta daɗe da mutuwa, ni kuwa na ɗauka ita ce za ta fitar. Na danna wurin buga takarda, shiru. Na sake dannawa, na ɗan bubbuga ta, shiru. Sau tara na danna kafin na haƙura.

Ina miƙewa na ji muryar shugaba yana kiran malama, wai injin ofishinsa ya haukace, shi kaɗai yake ta amayo takarda. Ba a jima ba na ji an kira ni.

Na tarar da shi riƙe da takardun, ita kuma tana tsaye kanta a ƙasa.

"Na tambaye ta daga ina, ta duba ta ce daga kwamfuta ta huɗu," in ji shi. "Wa ke zaune a ta huɗu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya gyara zama ya fara karantawa. "'Ya ma'abociyar farin tabarau, ke ce ruwan Watari a tsakiyar rani.' Malam, dam guda ka ba ta? 'Zuciyata gona ce da damina ta ƙi.' To, ai bana duk garin nan haka muke."

Na gama sallama aikina a zuci, har na fara tunanin abin da zan faɗa wa Inna.

"Takarda tara a wannan zamani!" ya ce yana juya su. "Amma bayansu fari ne. Gwajin 'yan aji uku za mu buga a kai."

"Don Allah, ranka ya daɗe, gara kora."

Sai malama ta yi magana a hankali. "Kawu, a ba ni su. Ai ni aka aiko wa, hanya kawai suka ɓata."

Ya dube ta, sannan ya juyo gare ni. "Mu a nan, mai son 'yar mutane ba inji yake aikowa ba, manyansa yake turowa. Kana da baffa?"

"Har biyu, ranka ya daɗe."

"To, koma ajinka, yara na jira."

Ranar Juma'a baffannina suka je da goronsu. Bayan kaka aka ɗaura mana aure, daidai ƙarfinmu, ba taron a zo a gani. Takardun nan tara suna ƙasan akwatinta har yau, ta hana ni ƙona ko ɗaya.

Abin da na koya shi ne, kafin ka aika saƙo ka san inda wayar ta ƙare, kuma in mai ilimi yana bayani, kunnenka yake buƙata, ba idonka ba. Yanzu ni nake haɗa wayoyin makarantarmu, ita ta koya mini. In ta ce, "Malam, ka gane?" sai in ce, "A'a, a sake mini daga farko."