Sunayen Matan Gidanmu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga tafireta a ofishin gwamnati, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne kada ka kalli abin da kake bugawa. Idonka na kan takardar da aka ba ka, ko kan bakin mai yi maka shifta, yatsu kuwa su nemi hanyarsu. Da na yi ritaya na dawo gidanmu na cikin birni, hannuna ya ƙi zama, sai ƙanena ya kawo mini kwamfuta. Malamin kwamfuta ne, ya ba hamsin baya, ga furfura a gemu, amma har yau in ya ƙirƙiro wani abu sai ya zo yana rawar jiki kamar yaron da aka yi wa sabon ɗinki.

Abin da ya ƙirƙiro a lokacin wani ɗan ƙari ne da ake haɗa wa manhajar rubutu. Kana fara buga kalma sai wani ɗan akwati ya ɓullo a ƙarƙashinta da kalmar da yake zaton kana nema, in ka danna maɓallin Enta sai ya sa maka ita. Ya cika shi da kalmomin Hausa da sunayen mutane, ya raba wa jama'a kyauta. Kwana biyu na yi da shi na ce a raba ni. Ni a wurina Enta sauka layi ne, kuma ba na son a riƙa tarar numfashina, mutum ne ko na'ura. Ya yi dariya, ya buɗe mini wurin saiti, ya nuna mini abin da zan rubuta. Da hannuna na kashe akwatin nan. Wata takwas ban sake ganinsa ba.

Salsalar mazan gidanmu tana nan a rubuce da ajami, kowa ya san inda take. Mata kuwa babu wanda ya taɓa rubuta su. Kuma a gidanmu ba a kiran babbar mace da sunanta na yanka. Kowace da laƙabinta: wata na garin da aka auro ta, wata na sana'arta, wata na wani hali da aka san ta da shi. Mutum ɗaya ta rage da ta riƙe su duka a ka, wace ta haifi wace, wace aka kai wane gida. Ita ce Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ke zaune wajen ɗanta a Kufena.

Na daɗe ina roƙonta. Da ta yarda, sai ta kafa sharaɗi.

“Muryata ba za ta shiga waya a yi ta yawo da ita ba,” in ji ta. “Kuma waɗanda suka riga mu ba a yi ta kiransu kamar ana talla. Sau ɗaya zan faɗa, 'yar nan. Ki kama.”

Da hantsin wata Asabar keke-napep ya sauke ta a ƙofar zaure. Na shimfiɗa mata tabarma a ɗakin marigayiya mahaifiyarmu, na ɗora kwamfutar a kan kujerar tsuguno. Ta lumshe ido ta fara. Muryarta ta yi ƙasa, haƙora sun zube, don haka idona bai bar leɓenta ba. Suna, Enta. 'Yarta, Enta. Jikarta, Enta. Wani wurin ta yi murmushi, wani wurin ta ce Allah ya jiƙanta ta wuce. Har aka kira azahar muna yi. Na adana, na rufe, na je na zubo mata fura.

Ban duba ba. Wannan laifina ne kuma ban taɓa musantawa ba. Girman kai ne na wadda ta shekara talatin ba a dawo mata da takarda ba. Kuma mai bugu irina, magana ta kunne take shiga ta fita ta yatsu, ba ta tsayawa a ka.

Kwana tara bayan nan Goggo ta faɗi. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ranar da na dawo daga dubiya a asibiti na buɗe rubutun, ina so in ji muryarta ko da a takarda ce.

Laƙuban nan babu mafi yawansu. A gurbinsu ga sunayen yanka tsaf-tsaf, irin waɗanda ake raɗa wa kowace jaririya a garin nan, suna ɗaya ma sau bakwai na ƙirga shi. Duk inda na buga laƙabin da akwatin bai sani ba, ya lalubo wani suna daga cikin nasa ya miƙo, ni kuma na danna Enta na amsa ba tare da na sani ba. Tunda Entar ta tafi wajen amsa, layin bai sauka ba. Uwa da 'ya da jika duk sun cure a layi ɗaya, ba ka sanin wa ta haifi wa.

Ko mayafi ban sauya ba na nufi gidansa a Gyallesu. Na ajiye masa kwamfutar a cinya.

“Ba na kashe abin nan ba?”

Ya duba, ya sosa gemu. “Kin kashe, Yaya. Afdet na tura, wato sabon gyara, ranar Juma'a ana gobe Goggo za ta zo miki.”

“To, sai aka yi yaya?”

“Ai mutane ne ke taɓa saitinsu su lalata, sannan su dame ni da waya cewa abu ba ya aiki. Shi ne na sa difol ɗina, wato saitina na asali, ya riƙa hawa kan na kowa. Kuma gaskiya yawanci sun fi son akwatin a kunne.”

Yawanci. Kalmar nan ta ƙona mini rai fiye da ɓarnar kanta. Na ce masa ni ba yawanci ba ce, ni yayarsa ce da ta goya shi. Na ce na zauna a gabansa na faɗi abin da nake so, na rubuta da hannuna, shi kuma ya zauna a ofishinsa ya yanke cewa ya fi ni sanin aikina, don kawai kada wayarsa ta yi ƙara. Na ce da zaɓinsa ya ajiye wa wanda bai zaɓi komai ba, da babu mai ganin laifinsa, amma wanda ya riga ya ce a'a, da wane dalili za a shiga ɗakinsa a juya masa kaya? Ya ce bai yi tunanin za a yi irin wannan aikin da shi ba. Na ce ai ba ya tambaya, ina zai sani.

A makon ya gyara. Yanzu saitin mai kwamfuta ne ke sama, nasa a ƙasa, kuma in zai canja wani abu sai ya nemi izini. Ya zo yana ba ni labari wai har an yi masa godiya. Har yau in na tuna raina na ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Da aka sallamo Goggo na buga takardun na tafi Kufena, shi ma ya biyo ni ya raɓe a bakin ƙofa. Hankalinta na nan garau, baki ne kawai babu. Na riƙa karanta mata layi-layi. In daidai ne ta lumshe ido, in ba daidai ba ta girgiza kai, ni kuma in ja layi a kai. Shafi uku, jan layin ya fi abin da ya tsira yawa.

A shafi na huɗu na karanta wani suna sai ta damƙe mini wuyan hannu da hannunta mai lafiya. Leɓenta ya fara motsi. Sauti ɗaya ya fito, ta maimaita shi, ta sake maimaitawa, jijiyar wuyanta ta tashi. Na kara kunnena a bakinta.

Sai na ji ƙanena daga ƙofa, cikin tausayi, ya fara jero mata sunayen da suka fara da wannan sautin. “Ko wance kike nufi, Goggo? Ko wance?”

“Yi mana shiru,” na ce. “Bar ta ta ƙarasa da kanta.”

Muka jira. Ta yi ta ƙoƙari har hawaye ya gangaro mata cikin kunne, sannan ta saki hannuna ta juya fuskarta bango.