Tsagar Takwarata

A kan ƙoraina aka fara, kowa ya sani a unguwarmu. Yanzu in suka shiga rediyo aka tambaye su inda suka koyi waƙa, sai su ce baiwa ce daga Allah. To, baiwa ce, ban musa ba. Amma ƙwaryar ba daga sama ta faɗo ba, ta jerena ce, kuma sai da suka fasa mini biyu kafin hannunsu ya faɗa.

Jikokina ne su uku, 'ya'yan ɗana na biyu. Babbar mace ce, takwarata, sai ƙannenta maza biyu. Ni sana'ata turara shinkafa. A kawo mini shinkafa shanshera daga Auyo, in jiƙa, in turara, in shanya. A bakin shanya ake waƙa, don mai tsaron shanya in ta yi shiru barci ya ɗauke ta, awaki su yi biki. Nan takwarata ta buɗe murya tun tana ƙarama. Da aurenta ya mutu ta dawo ɗakina, muka ci gaba da aikinmu, tana waƙa ina amshi. Ƙannenta suka ga abin na yi, babban ya samo fiyano na hannu, ƙaramin ya riƙe ƙwarya. Suka fara zuwa bukukuwa, yau garin Malam Madori, gobe Miga. Har suna suka raɗa wa kansu da Turanci, wanda bakina bai taɓa yarda ya faɗa ba.

A wani biki ne wani furodusa daga Kano ya ji su. Ya kwashe su zuwa situdiyo, suka yi waƙar mai kwalekwalen da ciyawar kacalla ta rufe masa hanyar gida. Akwai shirin da ake yi a rediyo ran Asabar, ana jero waƙoƙi goma da suka fi tashe, masu sauraro ke zaɓe ta waya. Tasu ta shigo a ta tara. Na ce Alhamdulillahi, ko nan ta tsaya an ci riba. Ba ta tsaya ba. Ta hau ta huɗu, ta hau ta ɗaya, ta zauna daram har aka yanke shinkafa. Kasuwar kifi ita ake ji, tasha ita, ɗan acaɓa ya wuce ka da ita a aljihu. Muryar takwarata ce daga farko har ƙarshe, su mazan amshi kawai suke yi.

Sai bidiyo ya fito. Maƙwabciyata ce ta shigo da waya tana rawar jiki, wai in zo in ga jikokina. Na ga babban da tabarau, na ga ƙaramin yana wani karkace kai. Sai ga wata yarinya ta fito, fara sol, irin farin kanti, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin. Ta buɗe baki, muryar takwarata ta fito daga ciki. Na ce a mayar baya. Aka mayar. Farar yarinyar ce dai, tana motsa leɓe tana kaɗa ido. A ƙasa akwai rubutu. Ni sai da na tsufa na shiga ajin yaƙi da jahilci, karatuna a hankali yake, amma yana isa inda za shi. Na bi shi da yatsa. Sunan mazan yana nan, na furodusa yana nan, na farar yarinyar yana nan. Na takwarata babu.

Tana tsakar gida lokacin, tana juya shanya da ƙafa. Na ce, "Ke, kin san da wannan?" Ta ce ta sani. Na ce, "Shi ne kika rufe ni?" Ta ce, "Iya, in na faɗa miki za ki tara mana jama'a." Ta san ni.

Na aika a kira mini babban. Ya shigo da wasan da muka saba, "Amaryata, me aka dafa wa maigida?"

Na ce, "Maigidan wa? Na sake ka tun ɗazu. Zauna. Wace ce waccan mai kama da dafaffen rogo?"

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye ta. "Iya, harkar ce haka. Kowa haka yake yi, wata ta rera wata ta hau."

"Ta hau me? Jaka ce yayar taku?"

"Ba haka ba ne. Furodusa ne ya ce..." Sai ya koma kallon takalminsa.

"Ya ce me? Bakinka ciwo yake?"

"Ya ce fuskar Yaya ba ta kyamara ba ce. Saboda tsagar."

Ban san lokacin da na shafa kumatuna ba. Tsagar da yake faɗa ita ce a fuskata, ita ce a fuskar uwata. Kakanninmu daga gabas suka zo, wajen tafkin Cadi, da ita suka zo, da ita ake gane mu ko a ina. A ɗakina aka haifi takwarata, ni na kira wanzami, ni na riƙe ta. Kafin a haifi mazan an daina, ubansu ya ce zamani ya wuce wurin, ban ja da shi ba. Amma a daina yi daban, a ce wadda ke da ita ta ɓuya a bayan labule daban. Na ce masa, "Da wannan fuskar na goya ubanka. Da kakanka ya ganta, gonarsa ta fadama ya bari tsuntsaye suka cinye yana zarya a ƙofar gidanmu. Yau wani mai matsattsen wando zai ce ba ta kallo ba ce, kai kuma ka ce to?"

Ya ce, "Iya, mun zo ta ɗaya fa."

Na ce, "Wa ya zo? Kai da amshi?"

Ba a jima ba suka buƙaci waƙa ta biyu, don wai in ka yi sanyi a manta da kai. Na ce takwarata ba ta taka mota zuwa Kano sai an yarda ita za ta fito. Ubansu ya zo ba ni haƙuri, na ce ya koma inda ya fito. Da suka ga ba sauƙi, furodusa ya yarda. Har nan ya zo da mutanensa, ya durƙusa ya gaishe ni, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ni ko Makka ban je ba. Aka yi ɗaukar a bakin kogi da hantsi. Na je da kaina na zauna a gindin giginya. Na ga takwarata a cikin kwalekwale da atamfarta sabuwa, kyamara a kanta, tana rerawa, masunta sun bar taru suna kallo. Ran nan na dawo gida na ci tuwo da yawa.

Waƙar ta fito, ita ma ta haye ta ɗaya. Bidiyo ya biyo baya. Wannan karon takwarata ce, atamfarta ce, kwalekwalen ne, har giginyar da na zauna. Amma fuskar sumul kamar ƙwai. Babu tsaga ko ɗaya. Sun sa kwamfuta ta goge, sun ƙara mata haske, har hancin sun ja shi. Na kawo wayar kusa da ido, na kai ta nesa, na goge gilashin da bakin zane. Babu. Ashe gaisuwar da ya yi mini ta rainin hankali ce.

Na so in yi magana, takwarata ta ce in bari. Ta ce ko ba komai an sa sunanta. Na bari.

Ran kasuwa muka kai shinkafa tare. Wata mata ta zo saye, waƙar na tashi a rumfar mai cajin waya kusa da mu. Matar ta tsaya tana kallon takwarata, ta kalla ta sake kalla, sai ta ce, "Baiwar Allah, kin ko yi kama da mai waƙar nan. Da ba don tsagar nan ba sai in ce ƙanwarki ce." Takwarata ta auna mata shinkafa ta ce, "Haka ake faɗa." Garin awon har ta zubar da rabin kwano a ƙasa.

Muna isa gida ta tarar da ƙannenta suna jiranta da maganar waƙa ta uku. Ban buɗe baki ba, Allah ne shaida, ita ta yi magana. Ta ce, "Na farko kun ba wata muryata. Na biyu kun ba ni fuskar wata. Na uku me ya rage, ku yanka ni?"

Ƙaramin ya ce, "Haba Yaya, gyara ne kawai, kowa ana yi masa."

Ta ce, "Kai me aka gyara maka? Kunnuwan nan naka kamar faifai ai suna nan yadda suke."

Na yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba. Ta ce ko dai ta fito da fuskar da uwarta ta sani, ko su nemi mai rera musu.

Suka kai wa furodusa, ya ce shi ba ya sa dukiyarsa a kan abin da ba zai sayu ba, ya sallame su gaba ɗaya. Babban ya daina shigowa gaishe ni, wai ni na zuga ta. Ya yi ta fushinsa, ni ba a gidansa nake ci ba. Daga baya dai yunwar waƙa ta koro su, don sun gwada wata yarinya a wani biki mata suka ce a kashe a sa musu ta takwarata. Suka nemo mai ɗaukar bidiyon biki na nan Haɗeja, suka yi ta ukun a tsakar gidana, a bakin shanya, da ƙoraina da suka rage. Na ce wa mai kyamarar in ya taɓa mata kumatu da kwamfuta, sai na taɓa nasa da muciya.

Ta shiga jerin goman. Ta hau har ta biyar, ta tsaya nan, ta sauko. Tun daga lokacin ba su sake ganin ta ɗaya ba, na bayanta ma wata ta shiga wata ba ta shiga ba. Babban har gobe in ya zauna sai ya ce da an bi ta furodusa da yanzu suna wani wuri. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan, a ce gaskiyarsa ne. Mutanen da ke zaɓen nan ta waya, rabinsu in suka je gaida iyayensu mata irin wannan fuskar za su tarar.

Har yanzu tare muke kai shinkafa kasuwa in ba su da biki. Ciniki ya kan yi mana wuya, don mata sai su tsaya suna ta surutu, wai ga mai waƙar kwalekwale, a ɗauke su hoto da ita. Ni kuwa ina gefe ina faɗa, mai saye ta saya, mai kallo ta matsa, kada a taka mini buhu.