Ranar da Bas Ta Tafi da Inna Ba Direba

Akwai wata safiya a layinmu na Fagge wadda ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita dai ba za ta fita daga raina ba.

Maigidana atamfa yake sarowa a Kantin Kwari ya kai kasuwannin ƙauye. Da ya gaji da kwanan rumfa, sai ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya raba gaba da baya da katako. Shi mutum ne mai son ƙirƙire-ƙirƙire, ni kuwa aikina in yi masa tsiya. Da sanyi ya shigo, ya ce shi fa ba zai riƙa fita daga bargo yana zagayawa gaba don ya tayar da inji na'urar ɗumama mota ta kawo ɗumi ba. Ya kai motar wurin wani mai gyaran wutar mota a Sabon Gari, aka jawo masa wurin makulli na biyu har gefen katifa.

A lokacin mahaifiyata, Inna, tana fama da ciwon gwiwa, sanyi kaɗan sai ta kasa miƙewa. Yayarta kuma tana kwance a garinsu Maiduguri ba lafiya, kullum aike take a kawo mata ƙanwarta ta gani. Inna na son zuwa, amma dogon zama a mota da sanyin hanya sun tsorata ta. Ni kuwa fargabata kada a makara.

Maigida ya ce a bar masa. Da sassafe ya kawo bas ƙofar gida, muka tallafa wa Inna ta hau ta kwanta, na lulluɓe ta. Ya rusuna ya zura makullin motar a wurin da ke gefen katifa, ya nuna mata, ya ce, "Inna, in na rufe ƙofa sai a murɗa wannan kawai, ɗumi zai zo har inda ake."

Ya rufe, ya koma yana yi wa maƙwabta bayani yana ta hura hanci. Abin da ya manta shi ne birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa, don haka duk inda ya tsaya a giya yake barin ta. Hannunsa ne ke yi, shi bai ma san ya yi ba.

Inna ta murɗa. Bas ta zabura, inji ya kama, sai ga ta ta miƙi hanya a hankali, ba kowa a sitiyari!

Wallahi ban san lokacin da na bi ta a guje ba. Ƙarshen layinmu babban titi ne, manyan motocin da ke kai kaya kasuwar Singa ba sa tsayawa. Ina ta ihu, "Inna, ki kashe! Ki kashe!" Ina za ta ji? Maigida ya bi ta da gudu ya ja ƙofar direba, a kulle, makullan kuma duk suna wurin Inna. Ya sunkuya ya suri dutse ya fasa gilashi, ya zura rabin jikinsa ta taga, ƙafafu na reto, ya fizge giyar. Samarin layi suka taru suka tare ta da hannu, dab da bakin titi.

Na buɗe ƙofar baya da sauri. Inna na kwance abinta cikin bargo.

"Yaya kuka tsaya?" in ji ta. "Ai tafiyar ta yi mini daɗi, ko girgiza babu."

Na yi wa maigida alama da ido ya yi shiru. Bai bi ta kaina ba. Ya durƙusa, hannu na jini, ya faɗa mata duk abin da ya faru. Na ce a raina shi ke nan, tafiya ta fasu.

Inna ta dube shi ta ce, "To Malam, motar da ta ɗauke ni ba direba ba ta yar da ni ba, ina ga kana ciki? A ɗaure hannun nan, a gyara birki, jibi mu tafi."

Muka tafi kuwa, Inna na baya cikin ɗuminta. Ta yi kwanaki a gefen gadon yayarta suna hira da yarensu suna dariya kamar yara. Kafin sanyin shekarar ya fita, Allah ya yi wa yayar rasuwa.

Tun daga ranar na gane in mutum ya kawo sabon abu, ya kamata ya fara duba abin da hannunsa ya saba yi ba tare da tunani ba. Na kuma daina ɓoye wa tsofaffi gaskiya don kada su tsorata. Ni ce matsoraciyar, ba Inna ba.